Gasar Norwe: yadda take tafiya, da abin da mai yaro a akademi ya kamata ya sani

Da zarar an rufe Firimiya da La Liga a ƙarshen Mayu, gidajen kallo na Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya sai su yi tsit, ba abin da ya rage sai gardamar wa zai sayi wa. A daidai wannan lokacin ne gasar ƙwallon ƙafa ta Norwe, wadda ake kira Eliteserien, take cikin ganiyarta. Ba a buga ta daga Agusta zuwa Mayu kamar ta Ingila. Ana farawa ne a Maris ko farkon Afrilu, a gama a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, saboda daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara da duhu ba sa barin a yi ƙwallo a fili. Duk wanda bai riƙe wannan kalanda ba, ba zai fahimci komai game da gasar ba, tun daga yadda ake karanta teburinta har zuwa lokacin da kulob zai iya kiran yaro gwaji.

Na ga ya dace a yi bayaninta filla-filla ne saboda ta wannan ƙofar ce 'yan Najeriya da dama suka shiga Turai, kuma da sunan kulob-kulob ɗinta ne 'yan damfara suke yawan karɓe kuɗin iyaye.

Ƙungiyoyi 16 ne a gasar. Kowace tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje, wasa 30 ke nan a kaka. Nasara maki 3, kunnen doki maki 1. Biyun ƙarshe, ta 15 da ta 16, suna faɗawa rukuni na biyu kai tsaye, biyun farko na can su hau. Ta 14 ba ta faɗi ba, ba ta kuma tsira ba: za ta jira ƙungiyoyin da suka zo na 3 zuwa na 6 a rukuni na biyu su fafata a tsakaninsu, wadda ta fito ta kara da ita, mai nasara ta zauna a sama. Idan maki ya zo ɗaya, ana duba ratar ƙwallaye, idan ita ma ta zo ɗaya a duba wa ya fi zura ƙwallo. Wannan ba zancen takarda ba ne kawai. A 2004 Rosenborg da Valerenga sun gama da maki 48 kowace, ratar ƙwallayensu ma ɗaya, amma Rosenborg ta ci 52, Valerenga ta ci 40, kofi ya tafi birnin Trondheim, garin Rosenborg.

Teburin gasar yana yawan yaudarar wanda bai saba ba, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A lokacin ne ƙungiyoyin Norwe suke buga wasannin neman gurbi a gasannin Turai, sai a riƙa ɗage musu wasannin gida. Za ka ga kulob a mataki na 4 alhali yana da kwantan wasa biyu ko uku. Kafin ka ce wane ne ke jan ragama, dubi yawan wasannin da kowa ya buga tukuna.

Kalandar tana da riba, tana da asara. Ribar ita ce a Yuli da Agusta 'yan wasan Norwe sun yi wata huɗu suna buga gasa, jikinsu ya sake, alhali abokan karawarsu daga ƙasashen da ke farawa a Agusta ba su daɗe da dawowa hutu ba. Asarar kuma iri biyu ce. Wanda ya ɗauki kofi a Nuwamba ba zai shiga Gasar Zakarun Turai da wannan kofin ba sai bazarar shekara mai zuwa, kuma kafin nan an buɗe kasuwar 'yan wasa sau biyu, galibi an kwashe waɗanda suka ciyo kofin. Sannan idan kulob ya yi nisa a Turai har zuwa Fabrairu da Maris, zai riƙa buga manyan wasanni ba tare da gasar gida ba, sai dai atisaye da wasannin sada zumunci, yawanci a sansanin horo a Sifaniya inda ake samun rana.

Batun agogo mai sauƙi ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Norwe tana gabanmu da awa ɗaya, bayan nan agogonmu ya zama ɗaya. Yawancin wasannin Lahadi ana take su da ƙarfe 5 na yamma a can, wato ƙarfe 4 a Zariya, daidai La'asar. Zagayen da ya fi cika da jama'a shi ne na 16 ga Mayu, jajiberin ranar tsarin mulkinsu.

Daga Rosenborg zuwa Bodo

An fara gasar ƙasa a Norwe a 1937, ta sha canza suna. Daga 1990 zuwa 2016 an fi saninta da Tippeligaen, saboda kamfanin caca na gwamnati da ke ɗaukar nauyinta, sai a 2017 aka tsaya a kan Eliteserien. Rosenborg ce ta fi kowa kofi, 26, kuma 13 daga ciki a jere ta ɗauke su, daga 1992 zuwa 2004, mafi yawa a hannun koci Nils Arne Eggen. A shekarun nan Rosenborg ba ta wasa ba ce a Turai: ta doke AC Milan da ci 2 da 1 a San Siro a Disamba 1996, ta kai zagayen kwata fainal, shekara ta zagayo ta doke Real Madrid da ci 2 da nema a gida. Rabonta da kofin gasa tun 2018. Molde ta ɗauka a 2011 da 2012 ƙarƙashin Ole Gunnar Solskjaer, ta ƙara a 2014 da 2019 da 2022. Viking ta birnin Stavanger ta ɗauka a 2025, karo na farko tun 1991. Girman suna ba ya hana faɗuwa a can: Brann ta faɗi a 2021, Valerenga a 2023, Lillestrom a 2019 da kuma 2024.

Amma labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Bodo/Glimt.

Bodo ƙaramin gari ne a arewacin Norwe, mutanensa dubu 50 da 'yan kai. Shekaru da yawa ba a yarda ƙungiyoyin arewacin ƙasar su shiga gasar manya ba. An ce sun yi nisa, tafiyar ta yi tsada, ƙwallonsu bai kai ba. Sai a 1963 aka bar su shiga gasar kofin ƙalubale, sai a 1972 ƙungiyar arewa ta fara taka babban rukuni. Glimt ta ci kofin ƙalubale a 1975, amma kofin gasa bai taɓa zuwa arewa ba sai 2020. Ɗan Arewa da ya karanta wannan ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi.

Yadda suka yi shi ne abin koyo. Sun faɗi rukuni na biyu a 2016, suka dawo a 2017. A 2018 aka ɗaga mataimakin koci, Kjetil Knutsen, ya zama babba. Kakarsa ta farko ya ƙare a na 11, kuma ba a kore shi ba. A 2019 suka zo na 2. A 2020 suka ci wasa 26 cikin 30, suka yi kunnen doki 3, aka doke su sau ɗaya tak, maki 81, ƙwallaye 103. Suka sake ɗauka a 2021 da 2023 da 2024. A Oktoba 2021 suka lallasa Roma ta Jose Mourinho da ci 6 da 1 a filinsu na Aspmyra, wanda ke ɗaukar mutum dubu 8 da 'yan kai. A 2025 suka fitar da Lazio da bugun fenariti suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Europa, inda Tottenham ta cire su, sannan a Agustan shekarar suka doke Sturm Graz suka shiga Gasar Zakarun Turai.

Tsarinsu 4-3-3 ne, kuma ba kasafai suke canza shi don ganin girman abokin karawa ba. Ɗan tsakiya ɗaya yana zama gaban 'yan baya yana rarraba ƙwallo, aikin da Patrick Berg ya daɗe yana yi, wanda kakansa da mahaifinsa da baffansa duk sun buga wa kulob ɗin. 'Yan tsakiya biyu na gabansa suna kutsawa tsakanin ɗan baya na tsakiya da na gefe, 'yan bayan gefe suna hawa, kuma da an ƙwace musu ƙwallo sai su rufa wa mai ita nan take kafin ya ɗaga kai. Tunda kowane gurbi yana da aikinsa sananne, idan an sayar da ɗan wasa wanda zai maye shi ya riga ya san abin da ake so. Sun sayar da Jens Petter Hauge ga AC Milan a 2020, suka sayar da wasu bayansa kusan kowace shekara, ƙungiyar ba ta rushe ba. Sun kuma ɗauko wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, Bjorn Mannsverk, yana zama da 'yan wasa kan yadda za su riƙe hankalinsu, su mai da kai ga yadda suka taka maimakon sakamako. A ganina abin da ya fi komai nauyi a labarin shi ne haƙurin da aka yi da koci a 2018. A wurinmu, kocin da ya ƙare a na 11 ba ya ganin kaka ta biyu.

Wannan haƙurin yana da nasaba da yadda ake mallakar kulob a can. Kulob ƙungiya ce ta mambobi masu biyan kuɗin rajista, su ke zaɓen shugabanni a taron shekara. Attajiri zai iya zuba kuɗi ta hanyar kamfanin da ke kula da harkar kasuwancin kulob, amma lasisin buga gasa yana hannun ƙungiyar mambobi. Shi ya sa muryar magoya baya take da ƙarfi. An shigo da na'urar VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, a 2023, magoya baya suka ce ba su yarda ba. A Yuli 2024 aka tsayar da wasan Rosenborg da Lillestrom gaba ɗaya saboda 'yan kallo sun yi ta jefa ƙwallayen tanis da dunƙulen soyayyen kifi cikin fili. A Janairu 2025 ƙungiyoyin rukunin farko da na biyu suka yi ƙuri'a, 19 suka ce a cire ta, 13 suka ce a bar ta. Sai dai babban taron hukumar ƙwallon ƙasar a Maris ya zaɓi a ci gaba da ita da ƙuri'a 321 a kan 129.

Gasar sayarwa ce

Mutanen Norwe gaba ɗaya miliyan 5 da rabi ne, ba su kai na jihar Kaduna ba. Kuɗin talabijin da na ƙofa ba za su riƙe kulob ba, don haka sayar da 'yan wasa babbar hanyar shiga ce. A sayo yaro da arha ko a raine shi, a ba shi wasa, a sayar. Martin Odegaard ya fara buga gasar a Stromsgodset a 2014 yana ɗan shekara 15, Real Madrid ta ɗauke shi a Janairu 2015. Erling Haaland ya bar Bryne zuwa Molde a 2017, ya ci Brann ƙwallo 4 cikin minti 21 a Yuli 2018, ya wuce Salzburg a farkon 2019.

Namu ma haka. John Obi Mikel daga Lyn ta Oslo ya tafi Chelsea a 2006. Odion Ighalo daga Lyn ɗin zuwa Udinese a 2008. Anthony Ujah daga Lillestrom zuwa Mainz ta Jamus a 2011. Chidera Ejuke ya bar Gombe United zuwa Valerenga a 2017, ya wuce Heerenveen ta Holan a 2019. Akor Adams ya ci ƙwallo 15 a wasa 15 a Lillestrom a 2023, Montpellier ta Faransa ta saye shi tun kaka ba ta ƙare ba. Gift Orban ma bai buga babban rukuni ba, a rukuni na biyu ya ci wa Stabaek ƙwallaye masu yawa a 2022, Gent ta Beljiyam ta ɗauke shi a Janairu 2023. Victor Boniface ya je Bodo/Glimt a 2019, jijiyar gwiwarsa ta tsinke sau biyu, bai buga kakar 2021 ba ko kaɗan, kulob ya yi masa magani ya jira shi, ya tafi Beljiyam a 2022, ya ɗauki kofin Jamus da Leverkusen a 2024.

Ku lura da inda suke zuwa daga Norwe: yawanci Beljiyam, Holan, Faransa, Jamus. Mikel ne kaɗai a cikinsu ya tsallaka Ingila kai tsaye, shi ma sai da aka yi shekara guda ana rikici tsakanin Lyn da Manchester United da Chelsea kan wace takarda ce ta gaskiya, har Chelsea ta biya fam miliyan 16 aka raba, 12 ga United, 4 ga Lyn. Kuma waɗannan su ne waɗanda suka yi suna. Akwai da yawa da suka je, suka yi kaka ɗaya ko biyu a benci ko a ƙungiyar 'yan ko-ta-kwana, kwantiragi ya ƙare suka dawo. Dokar rajista ta ware mafi yawan gurabe ga waɗanda aka horar a cikin ƙasar, guraben baƙi kaɗan ne, don haka kulob ba ya ajiye baƙon da bai fi ɗan gida ba.

Abin da ke kayar da yaranmu a can ba kasafai yake zama rashin iya ƙwallo ba.

Na farko fili. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar a kan ciyawar roba suke wasa, ciki har da Bodo/Glimt da Molde da Tromso da Viking da Valerenga. 'Yan kaɗan irin su Rosenborg da Brann ne ke da ciyawa ta gaske. Ana jiƙa robar kafin wasa, ƙwallo takan yi gudu tana sulɓi ba ta tsalle. Yaron da ya tashi a filin ƙasa mai tsakuwa ya saba jiran ƙwallo ta yi tsalle ya tare ta, sannan ya ɗaga kai. A can, wannan jiran ya isa a ƙwace ta. Abin da suke dubawa a gwaji shi ne taɓawar farko: ka karɓa da ƙafar da ke nesa da abokin karawa, jikinka a buɗe, ka riga ka waiga kafin ta iso. Koci a nan zai iya koyar da wannan ko a kan siminti ne, da wasan taɓawa biyu a ƙaramin fili. Takalmi ma yana da ruwa a ciki. Mai dogayen ƙusoshi ko masu kaifin wuƙa yana cije roba, ƙafa ta tsaya gwiwa ta juya, ta nan jijiya ke tsinkewa. Na roba ƙusoshinsa gajeru ne, zagayayyu, masu yawa. Mai ƙusoshin ƙarfe na filin ciyawa mai laka ne kawai. Zamewa a ƙasa don ƙwace ƙwallo irin na kan ciyawa kuma yana saɓule fata a kan roba, gara a koyi tare mutum a tsaye.

Na biyu sanyi. Sanyin hunturun Zariya na Janairu, wanda ke sa a kwana da garwashi a ɗaki, a can ranar bazara ce mai daɗi. Atisayen share fage ana fara shi a Janairu, a cikin duhu da ƙanƙara, kuma a lokacin ne yawanci sabon ɗan wasa yake isa. Naman cinya da bai yi ɗumi ba shi ke fara yagewa, don haka motsa jiki kafin atisaye ba abin da za a yi wa ha'inci ba ne. Sutura hawa-hawa ake sawa: ta ciki mai manne jiki wadda ba ta riƙe gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska, da safar hannu da hula. Rigar auduga a ciki tana jiƙewa da gumi ta koma sanyi. Kuma mutum ba ya jin ƙishi a sanyi alhali jikinsa na zubar da ruwa, sai ya riƙa sha da gangan.

Na uku rana. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kuma ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A Bodo ma akwai makonni a tsakiyar bazara da ba a ganin dare. Barci yana rikicewa, sai da labule mai kauri da lokacin kwanciya tsayayye. Ga Musulmi kuma ga batun lokutan salla da azumi. Malamai sun yi fatawa cewa inda rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa ana ƙaddara lokaci, wasu suka ce da na Makka, wasu da na gari mafi kusa da ke da dare da rana sosai. Yaro ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi, idan ya isa ya nemi masallacin garin ya bi jadawalinsu. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, lokacin atisaye mafi tsanani, don haka ya sanar da koci da likitan kulob tun da wuri a tsara masa abinci da nauyin horo. Ɓoyewa ne ke jawo a ga ya yi sanyi a fili a ɗauka ragwanci ne.

Takardu

Nan ne iyaye da masu akademi za su buɗe ido. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa ya sa hannu kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan togaciya da ba su shafi yaron da iyayensa ke Gyallesu ko Kwarbai ba. Duk wanda ya ce zai sa wa ɗan shekara 16 hannu a kwantiragi a Norwe, ko dai ƙarya yake yi ko kuma zai jefa yaron cikin matsala. Gwaji kuwa yana da ƙa'ida: kulob ne ke gayyata, a cike fom ɗin gwaji na FIFA, kulob da ɗan wasa su sa hannu, a shigar da shi cikin na'urar musayar 'yan wasa ta FIFA kafin a fara. Ɗan shekara 21 zuwa ƙasa ba ya wuce mako 8 a kulob ɗaya cikin kaka, wanda ya haura 21 mako 3. Idan yaron bai kai 18 ba sai da rubutaccen izinin iyaye.

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin bizar Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Bizar ziyara kwana 90 ce cikin 180, kuma ba ta ba mutum damar aiki. Wanda aka ɗauka sai an nema masa izinin zama na ɗan wasa daga hukumar shige da ficen ƙasar, da kwantiragi a hannu, sannan hukumar ƙwallon Najeriya ta saki takardar canjin sheƙa ta ƙasa da ƙasa. Kafin waɗannan su kammala ba zai buga wasan gasa ba. Wanda ya bar bizarsa ta ƙare yana can, ya rufe wa kansa ƙofar kusan duk Turai. A kula kuma, hukumar ƙwallon Norwe ita ma NFF ake taƙaita sunanta kamar tamu, don haka ganin haruffan nan uku a kan wasiƙa ba ya nuna daga ina ta fito.

Wasiƙar bogi tana da alamomi. Adireshin imel ɗinta na Gmail ne ko Yahoo maimakon na kulob. Tana neman kuɗin rajista ko na inshora a tura wa wani mutum. Tana kiran gwaji a ƙarshen Disamba lokacin da 'yan wasa ke hutu, ko tana cewa za a fara sabuwar kaka a Agusta. Ba ta ambaci fom ɗin FIFA ba. Magani shi ne a shiga shafin kulob ɗin na intanet, a ɗauki adireshin ofishinsu daga can, a tura musu hoton wasiƙar a tambaya. Ejan ma, wato dillalin 'yan wasa, a nemi lambar lasisinsa na FIFA a duba sunansa a jerin da FIFA ke wallafawa. Kulob ɗin da ya ga yaro yana so, a al'ada shi ke ɗaukar masauki da abincinsa, ba ya cewa uba ya sayar da gona. Shekarun haihuwa kuma su zama ɗaya a takardar haihuwa da fasfo da katin rajista, domin saɓani ɗaya ya isa a fasa ciniki. Idan an zo sa hannu, a tambaya ko albashin da aka rubuta kafin haraji ne ko bayansa, wa ke biyan haya, wa ke biyan tikitin zuwa gida, domin rayuwa a Norwe tana da tsada ƙwarai kuma adadin da ya yi girma a naira zai iya ƙarewa a haya da cefane. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, kuma ɗan wasa ya riƙe kwafinsa.

Saura haƙƙin akademi, wanda masu horarwa da yawa a nan suke asararsa. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko, 12 zuwa 15, kowace tana da kashi 0.25 na kuɗin cinikin, daga 16 zuwa 23 kowace tana da kashi 0.5. A ɗauka misali akademi ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17, sai kulob ɗin Norwe ya sayar da shi Beljiyam a kan yuro miliyan 4. Shekaru huɗun farko kashi 1, biyun baya kashi 1, jimla kashi 2, wato yuro dubu 80. Idan aka sake sayar da shi zuwa Jamus, a sake lissafi a kan sabon farashin. Ban da wannan akwai diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre. Kuma mai akademi zai iya saka sharaɗin kaso a cinikin gaba cikin yarjejeniyarsa da kulob ɗin da ya ɗauki yaron, wanda sau da yawa ya fi kuɗin hannu na farko yawa, tunda kulob ɗin Norwe don ya sayar ya saya.

Tun 2022 FIFA take bin waɗannan kuɗaɗe ta ofishinta na tantance biya, kuma abin da take dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasa a na'ura. Akademin da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa ba, ko ta yi amma ba ta shigar da sunan yaron kowace kaka ba, ba za ta fito a tarihin ba, ko da kowa a unguwa ya san wane koci ne ya saya masa takalminsa na farko. Hotunan atisaye da shaidar mai unguwa ba sa shiga wannan lissafi. Mai akademi ya yi wa ƙungiyarsa rajista, ya buɗe mata asusun banki da sunanta ba da sunansa ba, ya shigar da kowane yaro tun yana 12, ya sabunta duk shekara, ya ajiye kwafin kati da rasit a fayil ɗin kowane ɗan wasa.